Littattafan da Suka Dace da Karatun Iyali a Gidajen Hausawa: Nazari daga Yankin Kanan Bakashe

Tsakure

Karatun littafi a bayyane a tsakar gida, mutum ɗaya na karantawa sauran iyali na sauraro, hanya ce mai sauƙi ta shigar da ilimi gidan da yawancin mutanensa ba su yi boko ba. Wannan takarda ta duba tushen al'adar sauraro a gidan Bahaushe, ta kafa ma'aunin da za a zaɓi littafi da shi, sannan ta bi littattafan Hausa da suka cika ma'aunin. Ta kuma nuna abubuwan da ke hana littattafan isa ƙauyuka irin na Kanan Bakashe, ta ƙare da shawarwari ga iyaye da malamai da hukumomi.

1.0 Gabatarwa

Karatun iyali shi ne mutum ɗaya ya buɗe littafi ya ɗaga murya, mutanen gida su kasa kunne, su yi dariya, su yi tambaya, su yi gardama a kan abin da suka ji. Ya bambanta da karatun zuci da ɗalibi ke yi don jarrabawa, domin a nan kunne ne alƙali. Littafin da ba ya shiga kunne ba zai tara mutane dare biyu a jere ba, komai shahararsa a jami'a.

Kanan Bakashe ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Mayahi ta jihar Maraɗi, a yankin Gulbin Kaba da ke tsakanin Mayahi da Tasawa. Yawancin mutanen wurin Hausawa ne manoman gero da dawa da wake da gyaɗa, mata kuma sun shahara da saƙar tabarmar kaba. Ƙididdigar UNESCO ta ƴan shekarun nan ta nuna manyan da suka iya karatu da rubutu a Nijar ba su kai kashi 40 cikin 100 ba, adadin kuma ya fi raguwa a karkara da tsakanin mata. A irin wannan yanayi ba wuya a samu gida mai mutum goma sha biyar wanda mai karatun boko a cikinsa bai wuce ɗaya ko biyu ba. Amma guga ɗaya ya isa shayar da gida in dai rijiya na da ruwa. Abin da ya rage shi ne a san littafin da za a miƙa wa wannan mai karatu guda.

2.0 Tushen Sauraro a Gidan Bahaushe

Bahaushe ya daɗe da sanin zaman sauraro tun kafin littafin boko ya zo. Tushe na farko shi ne tatsuniya, wadda a sassan Nijar da dama ake kira gatana. Bayan an ci tuwon dare yara kan kewaye kaka ko wata uwa a kan tabarma, ta buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku", su amsa da "ta zo mu ji ta". Ana hana yin ta da rana, ana tsoratar da yara cewa mai yi zai ɓata a kasuwa, wanda hakan ya keɓe mata lokacin hutu. A wannan makaranta yaro ke koyon jiran ƙarshen magana, da riƙe sunayen taurarin labari, da hasashen abin da zai biyo baya.

Tushe na biyu shi ne karatun malamai. A tafsirin watan azumi mai jan baƙi yana karanta aya, malami yana fassarawa, jama'a na sauraro. A watan Mauludi ana rera Ishiriniya, ana karanta Ashafa a zauruka da masallatai. A ƙarni na 19 Nana Asma'u ƴar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1793–1864) ta tsara ƙungiyar Ƴan Taru, inda jagorori mata da ake kira jaji ke ɗaukar waƙoƙinta na ajami su kai ƙauyuka su rera wa mata. Ke nan mace ɗaya mai ilimi ta isar da rubutu ga taron da bai iya karatu ba, kuma a kan wannan tsari karatun iyali ya ginu.

Tushe na uku shi ne rediyo. Tun farkon shekarun 1960 aka kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo a ƙauyukan Nijar, a yau kuma tashoshi da yawa a ƙasar Hausa suna da filin karanta littattafan hikaya. Saboda haka kunnen jama'a a shirye yake.

3.0 Ma'aunin Littafin Iyali

Akwai sharuɗɗa biyar da ya kamata littafi ya cika kafin a shigar da shi tsakar gida.

Na farko, ya kasance da harshen da kowa ke ji. Littafin Faransanci na lakwal, wato makarantar boko, yana amfanar ɗalibi, amma yana mai da uwa da kaka baƙi a cikin gidansu.

Na biyu, ya kasu gutsure-gutsure, kowane yanki ya ƙare a zama guda. Manomin da ya wuni a gona ba zai jure babi mai shafi talatin ba.

Na uku, ya kiyaye kunya. A gidan gandu ana zama da surukai da ɗan fari da ƙananan yara wuri ɗaya. Shafin da zai sa suruka ta tashi ta shige ɗaki ya kashe zaman.

Na huɗu, ya ƙunshi abin da zai riƙe yaro da babba lokaci guda: yaro ya bi labari, babba ya tsinci hikima.

Na biyar, ya bar wa mai sauraro wurin sa baki, ko ta amshi, ko ta karin magana, ko ta hukuncin da za a yanke wa taurarin labarin.

4.0 Littattafan da Suka Cika Ma'auni

4.1 Magana Jari Ce

Babu littafin Hausa da ya cika waɗannan sharuɗɗa kamar Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam (1911–1981). Ya rubuta shi a Zariya a shekarar 1936, lokacin da yake aiki tare da Rupert East a Hukumar Talifi, aka fara buga shi a 1937. Littafi ne mai juzu'i uku da ya tattara labarai fiye da 80.

Ginin juzu'i na farko ya yi daidai da zaman dare. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi da Sarkin Sinari, ya bar ɗansa Musa a gida, waziri kuma yana ƙulla makircin hallaka yaron. Kullum dare Musa kan yi shirin fita ya tafi fagen yaƙi, sai aku ya tare shi da labari har gari ya waye. Kowane labari yana tsaye da ƙafarsa, amma zaren babban labarin yana sa a ƙosa gobe ta yi. A juzu'i na biyu gasar ba da labari ce tsakanin aku biyu, a na uku kuma akun nan ne, wanda ya zama waziri, ke koya wa ɗansa Fasih dabarun ba da labari, har yana gyara masa kurakurai. Wannan juzu'i na ƙarshe yana da amfani na musamman ga yaron da ke karanta wa iyayensa, domin darasin da ake yi wa Fasih shi ma nasa ne.

Imam ya ɗebo labaransa daga wurare da yawa, har da Dare Dubu da Ɗaya, da tatsuniyoyin Jamus na ƴan'uwan Grimm, da hikayoyin Indiya da Farisa. Gwanintarsa ita ce ya sa musu rigar Hausa: fada da dogarai, kasuwa da dillalai, alƙali da muhuti. Labarin Sahoro da Sahorama kan sa yara dariyar wauta, na Kalala da Kalalatu kuma kan tayar da gardama tsakanin maza da mata a kan kwaɗayi da rowa. Da yawa daga cikin labaran karin magana ne kanunsu, don haka tsohon da bai taɓa riƙe alƙalami ba yana iya zama mai sharhi, ya faɗi inda labari ya dace da karin maganar da inda ya kauce.

4.2 Tatsuniyoyi a Rubuce

Ga gidan da ke da ƙananan yara, jerin Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, ƙananan littattafai shida da aka buga a farkon shekarun 1970, shi ne mafari mafi sauƙi. Jimlolinsu gajeru ne, taurarinsu kuma sanannu: Gizo da Ƙoƙi, kura da dila, ƴar mowa da ƴar bora. Fa'idarsu babba ita ce suna mai da kaka malama. Rubutu ba ya ɗauke da karin waƙa, saboda haka idan mai karatu ya iso baitin da ke tsakiyar tatsuniya, dole ya tsaya tsohuwa ta rera. Sau da yawa kuma za ta ce a garinsu ba haka ake ƙare labarin ba, ta kawo nata. Yaro ya gane ke nan cewa labari ɗaya yana da fuskoki da yawa.

Akwai kuma babban kundin tatsuniyoyi mai juzu'i uku da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913, daga rubuce-rubucen ajami na malaman Hausa. Taska ce ga masu bincike, amma tsohuwar ƙa'idar rubutunsa da wasu labaransa na manya sun sa sai an tace shi kafin ya shiga hannun yara.

4.3 Labaran Jarumta da Tafiye-tafiye

Gasar rubutun da Hukumar Fassara ta shirya a 1933 ta haifar da littattafan da samari suka fi so. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam yana bin Alhaji Imam gari-gari wajen neman ruwan magani, yana karo da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe ɗan Muhamman, kowa na ƙulla wa ɗan'uwansa tsiya. Kowane gari babi ne, don haka yana raba kansa dare-dare. Sai dai akwai damfara da rashin ta-ido a cikinsa, waɗanda ke buƙatar babba ya yi bayani. Ganɗoki na Bello Kagara yana haɗa yaƙin zuwan Turawa da duniyar aljanu, harshensa cike da kirari, ya fi daɗi a bakin mai murya.

Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda ya fito a 1951, an gina shi a kan labarin wani gwarzo na ƙasar Rasha. Yaro ne da ya tashi ba ya iya tafiya, ya samu lafiya, ya zama barden da ke kare raunana. Yana koya wa yara cewa ƙarfi amana ne, yana kuma gyara yadda suke kallon naƙasassu.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya sha bamban, domin ba abin dariya ba ne. Labarin yaro ne da aka sace aka sayar, aka ƙetara da shi Sahara, mahaifiyarsa kuma ta bi sawunsa har ƙarshen ranta. A yankin da samari ke barin gida duk rani zuwa Nijeriya ko Agadas ko Libiya, labarin uwa mai jiran ɗanta ba baƙon abu ba ne. Ya fi dacewa da gidan da yaransa suka fara mallakar hankali.

4.4 Waƙoƙi da Littattafan Addini

Waƙoƙin Imfiraji na Aliyu Namangi, makahon malamin Zariya, sun riga littafinsu isa ƙauye ta bakin almajirai da makafi masu bara. Idan aka kawo bugaggen littafin, mai karatu yana ba da baiti, mutanen gida na amsawa da karin da suka riga suka sani. Ƙissoshin annabawa da tarihin Manzon Allah (SAW) da aka fassara zuwa Hausa suna da karɓuwa musamman a watan azumi da na Mauludi. Fassarar ma'anonin Alƙur'ani ta Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wadda ta fito a 1979, tana cikin littattafan Hausa da suka fi yaɗuwa a gidaje. Wannan rukuni yana ba almajirin da ya iya ajami damar zama mai karatun gida, ko da bai taɓa shiga lakwal ba. Iyalan Kirista Hausawa na jihar Maraɗi su ma suna da al'adar karanta Littafi Mai Tsarki tare, wanda cikakkiyar fassararsa ta Hausa ta fara fitowa a 1932.

4.5 Littattafan Zamani

Daga shekarun 1980 adabin kasuwar Kano ya cika ɗakunan mata da littattafai. So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid (1980), da Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino sun taɓo auren dole da zaman kishi da haƙƙin mata. Mata kan karanta wa juna su da hantsi ko lokacin kitso, kuma sun sa mata da yawa sha'awar koyon karatu. Amma yawancinsu na zaman tsara ne, ba na gaban suruki ba.

Ga yara ƙanana akwai sababbin littattafai masu hotuna. Shirin RANA a jihohin Katsina da Zamfara, da shirin Mu Karanta a Sakkwato da Bauci, sun samar da kayan karatun Hausa na azuzuwan farko. A Yamai, maɗaba'ar Gashingo da cibiyar INDRAP suna buga littattafai cikin harsunan ƙasa. Dandalin African Storybook na intanet yana da labaran Hausa da ake saukewa kyauta a waya.

5.0 Yadda Zaman Karatu Ke Gudana

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar isha'i, daga kaka zuwa ƙarshen rani, lokacin da aikin gona ya yi sauƙi. Ana shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a kafa fitilar sola ko tocila a kan turmi. Yarinya ƴar aji biyar ta zauna kusa da haske, yatsanta na bin layi. Uwa na ɓarar gyaɗa, hannu na aiki kunne na wurin littafi. Idan yarinyar ta yi tuntuɓe da wata tsohuwar kalma ta fada, kamar zagi ko shamaki, kakanta ne zai gyara mata furuci ya faɗi ma'ana, ko da shi bai san baƙi ko ɗaya ba. Ita ta ba shi labari, shi ya ba ta harshe.

Binciken masana ya goyi bayan wannan tsari. Rahoton hukumar nazarin karatu ta Amurka na 1985 ya sanya karanta wa yara a bayyane a sahun gaba cikin abubuwan da ke shirya su ga iya karatu. A 1988 Grover Whitehurst da abokan aikinsa sun nuna cewa amfanin yana ƙaruwa idan mai karatu yana tsayawa ya yi wa yaro tambaya, ya bar shi ya faɗi abin da ya fahimta. Dalilin a fili yake: yaro yana jin kalmomin da ba sa fitowa a hirar yau da kullum, yana sabawa da doguwar jimla, mai karantawa kuma bakinsa yana faɗawa da karatu. Saboda haka ya kyautu zaman ya zama gajere, a tsaya a inda labari ya ɗauki zafi, gobe kuma a fara da tambayar wa zai tuna inda aka kwana.

6.0 Matsaloli

Matsala ta farko ita ce samun littafin. Yawancin waɗanda aka ambata kamfanin NNPC na Zariya ne ke buga su, ana sayar da su a Kano da Katsina. Kafin su isa kasuwannin ƙauye sai dai a jakar ɗan kasuwa ko ɗan ci-rani. Ɗakunan karatu kuwa a manyan garuruwa suke, kuma littattafan Faransanci sun fi yawa a cikinsu.

Ta biyu ita ce harshen koyarwa. An fara gwajin koyarwa da harshen uwa a Damagaram a 1973, dokar ilimi ta 1998 kuma ta amince da shi, amma har yanzu yawancin makarantu da Faransanci suke koyar da karatu. Binciken PASEC na 2014 ya gano cewa kusan ɗalibai 9 cikin 10 da ke ƙare firamare a Nijar ba su kai matakin da ake buƙata a karatu ba. Wanda ya iya ma, da ƙa'idar Faransanci ya saba, sai ya rikice idan ya ga c da u da ƙ da ɗ da ɓ a rubutun Hausa. Wannan gyara ne na ƴan kwanaki in an samu mai nunawa.

Ta uku ita ce bambancin karin harshe. An rubuta littattafan da daidaitacciyar Hausa mai tushe a Kananci, alhali a yankin Maraɗi ana jin hwari a maimakon fari, da ɗiya a maimakon ƴa. Wannan ba ya hana fahimta, kuma babu laifi mai karatu ya furta da bakin garinsu.

Ta huɗu ita ce waya da finafinai, waɗanda suka cinye lokacin hira. Sai dai wayar da ke raba hankalin iyali tana iya ɗaukar littafi, tana kuma iya naɗar muryar mai karatu a tura wa uban da ke ci-rani.

7.0 Shawarwari

Ya kamata ƙananan hukumomi su tanadi akwatin littattafan Hausa a kowace makarantar ƙauye da kowane ajin yaƙi da jahilci, a riƙa ba da aro zuwa gida na mako guda. Kwamitocin iyaye da ƙungiyoyin mata masu adashi suna iya riƙe rajistar aron. Malaman lakwal su ware ɗan lokaci su koya wa manyan ɗalibai baƙaƙen Hausa masu lanƙwasa. Gidajen rediyon karkara su riƙa karanta babin farko na littafi, su sanar da inda za a samu aronsa. Masu maɗaba'a a Yamai da Zariya su yi yarjejeniyar buga waɗannan littattafai a Nijar da farashi mai sauƙi, wasu kuma a fitar da su da ajami. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi da cibiyar CELHTO ta Yamai suna da hurumin tattara gatanan tsofaffin Gulbin Kaba, a buga su da sunayen garuruwa da itatuwan da yaran yankin suka sani.

8.0 Kammalawa

Littafin iyali shi ne wanda aka rubuta da harshen gida, ya kasu dare-dare, ya kiyaye kunya, ya bar wa mai sauraro wurin magana. A kan wannan ma'auni Magana Jari Ce ne kan gaba, tatsuniyoyi su ne mafarin ƙananan yara, labaran jarumta na samari, waƙoƙi da ƙissoshin addini kuma suna haɗa kowa. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, amma doka kaɗai ba ta koya wa yaro karatu. Masu sauraro suna nan, mai karatu ɗaya ma ba ya wuya a yawancin gidaje. Nauyin da ke kan hukumomi da malamai da iyaye shi ne su kai littafin hannunsa.